Wai ana sauraron wayarka? Zo mu bi ƙofofin mu rufe su ɗaya bayan ɗaya

Kusan kullum in an idar da Isha'i muka baje a bencin mai shayi sai an taɓo maganar nan. Shekaranjiya wanda muke kira Sarkin Zargi ne ya tayar da ita, wai da rana ya ce wa uwargida zai sayi takalmi, ko awa ba a yi ba ya buɗe Facebook sai ga tallan takalma reras, don haka shi ya gama yarda ana sauraronsa. Baban majalisa ya kurɓi shayi ya ce, "Kai ɗan nan, in gwamnati ta zauna sauraronka me za ta ji? Ƙorafin kuɗin wuta da bashin indomi?" Aka kwashe da dariya har mai shayi. To ni da yake ni ake kawo wa waya a unguwa in ta rikice, na ce bari in rubuta abin da nake ta maimaitawa da baki, kowa ya riƙe wayarsa a hannu ya bi.

Mataki na farko ba a cikin waya yake ba, a kanka yake: wa kake tsoro?

Sarkin Zargi ba ƙarya yake ba gaba ɗaya. A 2013 Edward Snowden, wani ma'aikacin kwangila a hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, ya kwashi takardu ya miƙa wa 'yan jarida, duniya ta ga ana tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutane, har wayar shugabar Jamus ta lokacin Angela Merkel ta shigo cikin zancen. Mutumin yana Rasha har yau. Mu ma nan gida, a ƙarin kasafin kuɗin 2021 an ware wa hukumar leƙen asirin Najeriya ta NIA kusan naira biliyan 4.8 don kayan bibiyar WhatsApp da wayar tauraron ɗan adam ta Thuraya, jaridu duk sun buga. Saboda haka wanda ya ce babu leƙe sam, shi ma barci yake.

Amma ka zauna ka ƙirga mutanen da ka sani waya ta jawo musu masifa. Nawa ne a cikinsu jami'an tsaro suka yi wa kutse? Ni dai waɗanda aka kawo mini, wanda aka ƙwace wa waya aka kwashe masa kuɗin banki ne, da wadda aka sace wa WhatsApp ana bin danginta ana roƙon kuɗi da sunanta, da wanda manhajar bashi ta tura wa surukinsa saƙo cewa ɓarawo ne, sai wanda aka ɗauki hoton maganarsa ta guruf aka kai inda bai so. Shi ya sa za mu fara da na kusa, gwamnati ta jira layinta, za mu zo kanta.

Na biyu, makullin wayar da na layin

Sa lambar sirri mai aƙalla lamba shida, kuma don Allah ba shekarar haihuwarka ba, ba 123456 ba, ba ƙarshen lambar wayarka ba. Zanen nan da ake ja da yatsa, mutane da yawa harafin L ko Z suke yi, kuma in ka karkata wayar a haske za ka ga sawun maiƙon yatsa ya zana wa ɓarawo hanya. Daga nan ka shiga saitin sanarwa ka hana saƙo bayyana a fuskar waya in tana kulle, don lambar OTP da banki ke turowa tana fitowa ɓaro-ɓaro ko ba a buɗe wayar ba.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne layin kansa. Mai ƙwacen waya a yanzu sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba, sim ɗin yake so, ya zare ya sa a ƙaramar waya ya fara danne-dannen lambobin banki. Sim yana da nasa makullin, yana cikin saitin tsaro, wajen da aka rubuta SIM lock. In ka kunna, duk sanda aka sa layin a wata waya ko aka kashe aka kunna sai ya nemi lamba. Hattara a nan: in ka yi kuskure sau uku layin zai kulle ya nemi PUK, wadda ke jikin babban katin da aka ɓallo sim ɗin, in kuma ka yi ta cankar PUK har sau goma layin ya mutu sai ka je ofis. To ka nemo katin nan ko ka tambayi kamfanin layinka lambar farko kafin ka taɓa, kar ka ce ni na sa ka. Ka kuma danna *#06# ka kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, a takarda ka ajiye a gida, ranar da waya ta ɓata ita za a tambaye ka.

Wajen mai caji kuwa, kashe wayar gaba ɗaya kafin ka miƙa. Wajen mai gyara, zare sim da memori, in kuma gyaran sai an buɗe waya, ka ja kujera ka zauna. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halal, amma hotunan iyalinka ba abin da za ka bar wa sa'a ba ne.

Na uku, WhatsApp, nan za mu daɗe

Tun 2016 saƙonni da kiran WhatsApp a ƙulle suke daga wayarka zuwa wayar wanda ka tura wa, kamfanin layi ba ya iya karantawa a hanya, shi ma WhatsApp ɗin haka. Wannan gaskiya ne, sai dai ƙulli a hanya bai hana a shigo ta ƙofar gida ba, kuma ƙofofin guda huɗu ne da nake gani kullum.

Ta farko, buɗe WhatsApp yanzu, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga Linked devices. Nan ne ake haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfuta ko wata wayar, har guda huɗu, kuma minti ɗaya ya ishi wanda ya ari wayarka "zai yi kira" ya haɗa da tasa, daga nan duk abin da ya shigo maka yana gani yana kwance a ɗakinsa. In ka ga na'urar da ba ka gane ba, taɓa ta ka fitar da ita. Mafi yawan masu cewa an yi musu kutse, wallahi wannan ne kawai, babu wani ƙwararren ɗan kutse.

Ta biyu, ka shiga saitin asusu ka kunna Two-step verification, ka sa lamba shida ta kanka, ka haɗa da imel da kake iya buɗewa. Amfaninta a nan yake: wani zai kira ka da murya mai daɗi, "Salamu alaikum Alhaji, daga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ne, za a yi mitin ta intanet da daddare, mun turo maka lambar shiga, karanto mini." Lambar da ya sa aka turo maka ta rajistar WhatsApp ɗinka ce, kana karantowa ya ɗauke asusun. In ka riga ka sa waccan lambar ta biyu, ko ya samu ta farko zai tsaya cak. Kuma dai ka riƙe wannan, lamba shida da ta shigo ta tes ba a karanta wa kowa, ko da muryar yayanka aka kira.

Ta uku, GB WhatsApp da 'yan uwansa, wato WhatsApp ɗin da ba na kamfanin asali ba. Na sani, na sani, yana nuna saƙon da aka goge, yana ɓoye cewa kana kan layi, 'yan mata da samari ba sa son rabuwa da shi. Amma wa ya haɗa shi? Ba ka sani ba, ni ma haka, ba ya cikin Play Store, kuma ka miƙa masa duk hirarka da hotunanka da hannunka. Ga shi WhatsApp na rufe layukan da ya kama da shi. Mutum yana amfani da GB yana zagin gwamnati wai tana leƙensa, abin dariya.

Ta huɗu ita ce ajiyar hira da ke tafiya Google Drive ko iCloud. Ka shiga Chats, Chat backup, ka kunna ajiya mai ƙulli, wadda suka kawo a 2021, ka sa kalmar sirri. Sai dai in ka manta kalmar kuma wayar ta ɓata, hirar ta tafi kenan, babu wanda zai dawo maka da ita. Kafin ka fita, leƙa saitin sirri ka mayar da hoton fuska da shigar da kai guruf zuwa waɗanda ke cikin lambobinka kaɗai.

Injiniyan majalisarmu kullum cewa yake a koma Signal, wata manhajar hira irin WhatsApp, kuma gaskiya Signal ta fi kowa rashin tara bayanan mutane. Amma a watan Maris na 2025 manyan jami'an gwamnatin Amurka suna tsara kai hari Yaman a guruf ɗin Signal, sai mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro na lokacin Mike Waltz ya jefa editan mujallar The Atlantic cikin guruf ɗin bisa kuskure, mutumin yana zaune yana karanta komai. Ranar da na ba da labarin nan Baban majalisa har da ƙwalla don dariya, ya ce ashe ba shi kaɗai ke tura saƙon amarya a guruf ɗin masallaci ba. Duba mutanen da ke guruf kafin ka saki baki, shi ne darasin. Telegram kuwa, mutane na ɗauka ya fi tsaro, alhali hirarsa ta yau da kullum da guruf-guruf ba su da irin wancan ƙullin, sai ka buɗe Secret chat da kanka, kuma bayan an kama mai kamfanin Pavel Durov a Faransa a Agustan 2024 sun fito sun ce za su iya miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda hukuma ta nema ta hanyar doka.

Na huɗu, manhajojin da ka tara

Shiga saitin waya, ɓangaren sirri, Permission manager. Za ka ga jeri: kamara, makirfo, wurin da kake, lambobin mutane, saƙonni. Buɗe kowanne ka ga su wa ka ba izini. Tocila me za ta yi da lambobin mutanenka? Wasan ludo me ya haɗa shi da makirfo? Cire. Wadda ke buƙatar sanin wurinka da gaske, kamar taswira, ka bar mata izini na lokacin da kake amfani da ita kaɗai. Wadda ka yi wata uku ba ka buɗe ba, goge ta kawai, ka ma samu fili. In wayarka Android 12 ce ko sama, ko iPhone ta zamani, duk sanda wata manhaja ta kunna kamara ko makirfo wani ɗan ɗigo kore ko ruwan lemo zai fito a saman fuska, ka saba kallon wajen.

Manhajojin bashi su ne suka fi cin mutuncin mutane a nan. Ka karɓi dubu goma, ka danna "na yarda" ba ka karanta ba, sun kwashe lambobin wayarka kaf, ranar da ka yi lattin biya sai saƙo ya isa wa limaminku da surukarka. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta kai wa wasu samame a 2022, Google ma daga 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna, amma waɗanda ake turowa ta linki a saukar a gefe ba ruwansu da wannan doka. Truecaller, mai nuna sunan wanda ke kiranka, shi ma haka tsarinsa yake, da littafin wayar jama'a ya ginu, shi ya sa za ka kira baƙo ya ga sunan da wani ya yi maka sabin da shi, akwai wanda a majalisarmu yake fitowa da "Mai Bashi Kar A Ɗauka". Suna da shafin cire lamba, ka nema ka cire taka in ba ka so.

To mu dawo kan takalmin Sarkin Zargi. Mai kamfanin Facebook Mark Zuckerberg ya musanta a gaban majalisar dattawan Amurka a 2018 cewa suna sauraron mutane ta makirfo don talla, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba sa ma buƙata. Sun san shekarunka, unguwarku, bidiyon da ka tsaya a kai daƙiƙa biyar, shagon da ka bi, sun san wayarka da ta uwargida a gida ɗaya suke kwana, in ita ta duba takalmi jiya kai za a nuna wa yau, ga kuma sallah ta matso kowa takalmi yake nema. Da na faɗi haka sai ya ce to ai wannan ya fi sauraron muni. Na ce ka ga yanzu ka fara magana. Kuma don a yi masa adalci, a 2019 an gano ma'aikatan kwangila na jin wasu muryoyin da manhajojin da ake ba umarni da baki, wato Siri da Alexa da mataimakin Google, suka naɗa, har Apple ya amince a 2025 zai biya dala miliyan 95 don a kashe ƙarar da aka kai shi kan Siri, duk da bai amsa laifi ba. Shi kansa Zuckerberg an taɓa ganin hotonsa a 2016 ya liƙe kamarar kwamfutarsa da salatif. Abin yi: kashe "Hey Google" in ba ka amfani da shi, shiga asusunka na Google ɓangaren bayanai da sirri ka dakatar da tarihin wurare, ka sa tarihin bincike ya riƙa goge kansa duk wata uku, sannan a saitin talla ka goge lambar tallan wayar.

Na biyar, yanzu ga gwamnati

Ka fara da sanin abin da ba za ka iya ɓoyewa ba, don hankalinka ya kwanta. Tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, saboda haka layinka da sunanka da hoton yatsunka a ƙulle suke wuri guda. Muddin waya na kunne da sim a ciki, tana gaisawa da turken sabis mafi kusa, kamfani ya san yankin da kake ko ka kashe lokeshan. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan zirga-zirgar layi na shekara biyu, kuma a 2019 hukumar sadarwa ta NCC ta fitar da ƙa'idojin da suka ba hukumomin tsaro damar tsoma kunne a sadarwa da izinin kotu, da sassauci a yanayin gaggawa. Kiran layi da tes na yau da kullum ba su da ƙullin WhatsApp. Kuma ko ba a ji me ka ce ba, sanin wa ka kira, ƙarfe nawa, minti nawa, daga ina, ya isa a zana rayuwarka. In aka ga ka kira lamba ɗaya sau tara bayan sha biyun dare, sai ka kira mai gidan haya, sai mai kayan ɗaki, ai ba sai an saurara ba an san aure za ka ƙara.

Don haka maganar da ta shafi sirrin iyali ko kasuwanci, yi ta a kiran WhatsApp ko Signal maimakon kiran layi. Wadda ta fi wannan nauyi, taka ka je ka same shi.

Sai lambar nan da ake ta yaɗawa, wai ka danna *#21# ka ga ko DSS na bibiyarka. Ƙarya ce. Abin da take nunawa kawai ko an karkatar da kiranka zuwa wata lamba, kuma baƙuwar lambar da wasu ke gani in sun danna *#62# har su firgita, yawanci ta akwatin saƙon murya ce ta kamfanin layinsu. In kana shakka danna ##002# ya soke duk wata karkatarwa. Leƙen hukuma a cikin na'urorin kamfani ake yin sa, ba zai fito maka a fuskar Tecno ba. Haka ƙarar "ƙiii" da kake ji a kira, sabis ne ba shi da kyau.

VPN kuma, da yawanmu mun san shi ne lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Yana ɓoye wa kamfanin layi shafin da ka shiga, amma ya mayar da ganin hannun mai VPN ɗin, kuma na kyautan nan da ba ka san mai su ba, da me kake zaton suke biyan ma'aikata? Ba ya mayar da kai aljani, in ka shiga Facebook da sunanka kai ne dai. In kuma aka kashe sabis ɗin ɗungurungum kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021, babu VPN da zai yi maka komai.

Pegasus da Sarkin Zargi ke yawan ambata gaskiya ne akwai shi, manhajar leƙen asiri ce da kamfanin NSO na Isra'ila ke sayar wa gwamnatoci, yana shiga waya ba tare da ka taɓa komai ba, a 2019 WhatsApp ya kai su kotu kan mutum kusan 1,400, a 2021 kuma aka bankaɗo jerin lambobi kusan 50,000 da ake zargin an so a bibiya da shi. Masu bincike na Citizen Lab a jami'ar Toronto sun kuma sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da suka gano alamun suna amfani da kayan leƙen wani kamfani mai suna Circles a 2020. Sai dai irin wannan kaya tsada gare shi, 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka ake bi da shi. In kana cikinsu, kar ka riƙa ɗage sabunta manhajar waya don tsoron data, ka riƙa kashe ta kana kunnawa, in iPhone ce ka kunna Lockdown Mode, wato yanayin tsauraran tsaro, ka kuma raba wayar aiki da ta gida. In ba ka cikinsu, sabuntawar dai ka yi, ta wadatar.

Na ƙarshe, yatsanka

Yawancin waɗanda aka kama kan maganar intanet a ƙasar nan ba kutse aka yi musu ba, su suka rubuta a fili, ko wani na cikin guruf ya ɗauki hoton allo. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi a kan 'yan jarida da masu rubutu, an yi masa gyara a 2024 amma bai hana a gayyaci mutum ba. Faɗi ra'ayinka, haƙƙinka ne, sai dai abin da ba ka tabbatar ba kar ka tura, kuma guruf mai mutum ɗari biyu kasuwa ce ba ɗaki ba. Ka daina ɗora hoton katin NIN da tikitin jirgi da takardar ɗaukar aiki a status don a taya ka murna. In ka je shagon kwafi, karɓi har wadda ta lalace, kar gobe a ƙunsa wa wani ƙosai da BVN ɗinka. Akwai dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 da hukumarta NDPC, kana da damar kai ƙorafi in kamfani ya yi wasa da bayananka. Saƙonnin talla da ke damunka kuma tura STOP zuwa 2442.

Daren jiya na ce kowa ya fito da wayarsa mu bi matakan tare. Baban majalisa ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa, na ce to Baba miƙo mu duba hirarka, ya maida ita aljihu ya dafe. Da ƙyar ya yarda muka buɗe Linked devices, sai ga wata kwamfuta a haɗe tun watan azumi, ya miƙe tsaye yana salati yana cewa ashe yaron nan Sarkin Zargi gaskiya yake faɗa, sun iso kansa. Muka duba da kyau, kwamfutar autansa ce, ranar da ya tura masa takardun fansho a buga. Lambar buɗe wayar kuwa 1960, wai don kishin ƙasa. Mun canza masa, yau da asuba ya aiko yaro gidana wai in zo, ya manta sabuwar.